Gwaggwaron Mama Felicia

A Fagge akwai wani saurayi mai suna Abdulhafiz, wanda ke taya kawunsa Alhaji Abdulgani tsaron shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a Fagge aka haife shi. Mutum ne mai fara'a, ba ya sata, ba ya ƙarya, kuma ya iya zuba wa mai saye daɗin baki har ya sayi abin da bai fito saye ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma shi kaɗai ya ishe shi: ba ya yarda a nuna masa hanya. Da ka ce masa "bi ta nan," sai ya ɓata rai kamar ka zage shi.

A gidan gem ya kwaso wannan cuta. Amininsa Chidiebere, wanda suka taso tare tun firamare, yana da shagon gem a Sabon Gari, kuma da an tashi daga kasuwa can Abdulhafiz yake tarewa. In ka cire ƙwallo, wasannin shagon iri biyu ne. Akwai mai hanya ɗaya tal, inda kibiya ke haskawa a allo, ka bi ta, ka buge wanda ya tare ka, ka wuce gaba. Akwai kuma wanda za a jefa ka cikin ƙatuwar ƙasa mai duwatsu da dazuka da kangaye, a ce je ka nemi hanyarka. A irin wannan sai ka lura da alamu. In ka hango hayaƙi, akwai mutane. In ka ji kiɗa, gari na kusa. In ka rasa gabas da yamma, sai ka hau hasumiya ka duba ƙasar daga sama.

Wannan na biyun shi ne abincin Abdulhafiz, kuma gaskiya ya iya shi. Har taswirar da ke gefen allo yake kashewa don a san ba wasa yake ba. Mai kibiya kuwa ya raɗa masa suna wasan tumaki. Duk wanda ya gani yana bin kibiya sai ya tsaya a bayansa yana kukan tunkiya, har mutumin ya ajiye hannun gem ya fita.

Wata rana Chidiebere ya gaji ya ce masa, "Hafiz, ka san fa wanda ya ƙera wasan nan shi ya dasa maka hayaƙin da kiɗan a inda za ka same su? Kai ma jan ka ake yi, igiyar ce kawai ba ka gani."

"Hassada ce ke damun ka," in ji Abdulhafiz. "Ni ko a tsakiyar dajin Falgore ka ajiye ni, kafin ka dawo gida na riga ka."

Ana nan sai bikin Adaugo ya taso. Ita ce ƙanwar Chidiebere, kuma ita kaɗai ce 'ya mace a wurin mahaifiyarsu, Mama Felicia. Matar nan ta daɗe tana sayen kaya a shagon Alhaji Abdulgani, kuma tun Abdulhafiz yana ƙarami take zuba masa abinci tare da ɗanta. Burinta ɗaya ne a bikin nan. Tana so ita da 'yan uwanta mata da suka taso takanas daga kudu su shiga coci da gwaggwaro iri ɗaya, ruwan gwal, yadda kowa zai san waɗannan su ne dangin amarya. Ta zaɓi launin da kanta, ta ɗinka leshin da zai hau da shi, ta yi ta faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurare ta.

Kayan da ta sa Alhaji Abdulgani ya kawo mata suka maƙale a hanyar Legas, ba su iso ba sai yammacin Juma'a, ga shi ɗaurin aure ranar Asabar da hantsi. Da safe Alhaji Abdulgani ya ɗaure gwaggwaron a ƙatuwar leda ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa.

"Ka hau ɗan sahu yanzun nan," in ji shi. "Ban da tsaye-tsaye. Matar nan ba ta taɓa saɓa mana ba, kada mu saɓa mata."

"Kawu, ka ɗauka sun riga sun ɗaura," in ji Abdulhafiz.

Bai bar Kwari ba sai ga kiran Chidiebere. Ya shaida masa cewa matan ba a gidansu suke shiri ba, suna gidan wata ƙanwar Mama da ke kusa da coci, gidan da Abdulhafiz bai taɓa zuwa ba. Ya fara kwatance ke nan, "In ka hau France Road, sai ka..." Abdulhafiz ya katse shi.

"Tsaya, tsaya! Kada ka ɓata min wasa. Gidan biki ne zai ɓuya a Sabon Gari?"

"Hafiz, don Allah yau ba ranar wannan ba ce. Na turo maka lokeshan ɗin gidan a taswirar waya, ka buɗe ka bi kawai."

"In bi shuɗin layi? Ni? Ka mai da ni tunkiya ke nan."

Ya katse kiran ya zura waya a aljihu. Ɗan sahun ma fasa hawa ya yi, wai wanda aka ɗauka a mota ba ya sanin ƙasa. Ya saɓa leda a kafaɗa, ya ratsa ta 'Yan Kura, ya tsallaka Sabon Gari a ƙafa yana fito.

Duk wanda ya san Sabon Gari ya san layukanta a miƙe suke, kuma in ba ɗan unguwa ba ne kai, wannan kamar wancan yake. Abdulhafiz hanyar shagon gem kaɗai ya sani da ta gidan su Chidiebere, amma a ransa duk unguwar a tafin hannunsa take. Ya hango wani lungu da bai taɓa shiga ba, ya tuna cewa a wasa irin waɗannan lungunan ne ke yanke hanya. Ya kutsa. Lungun ya kai shi bakin katanga da kwata da wani kare mai fama da ƙaiƙayi. Ya juyo. Can gaba ya tarar da wani dattijo yana fama da kurar ruwa da ta faɗa rami. A wasa, duk wanda ka taimaka sai ya buɗe baki ya ba ka sirrin hanya, don haka ya ajiye leda ya tura da iyakar ƙarfinsa. Kura ta fito. Ya tsaya yana jiran sirri.

"Allah ya yi maka albarka," in ji dattijon, ya yi gaba abinsa.

Da ya tambaye shi ina cocin yake, da ya nuna masa da baki. Amma tambaya ai aikin tumaki ne.

Waya ta yi ta ruri a aljihunsa. Ya san Chidiebere ne, ya san kuma kwatance zai yi masa, sai ya sa ta a shiru. Bai ji komai a ransa ba, domin a wasannin da ya saba, babban aiki jiran mutum yake yi. Ko gari ake cewa zai ƙone, kana iya tafiya kamun kifi ka dawo ka tarar wutar ba ta matsa ba.

Da rana ta fara zafi sai ya yanke shawarar hawa hasumiya. Ya sami wani dogon bene na 'yan kasuwa, ya haye har sama yana haki, ya leƙa ta baranda. Ya ga rufin kwano da tankunan ruwa, ya kuma hango fararen rumfunan biki. Matsalar ita ce ba a wuri ɗaya ya hango su ba. Ranar Asabar ce, kusan kowane layi da nasa shagalin. Da mai hankali ne, da a nan ya ciro waya. Shi kuwa gogan sai ya zaɓi inda rumfuna suka fi yawa, kiɗa ya fi tashi, don a iliminsa babban aiki a babban wuri ake ajiye shi.

Ya sauko ya bi kiɗa har ƙofar gidan. Ga kujerun roba, ga tukwane a kan wuta, ga mata suna kai da komo. A bakin ƙofa wata ƙosasshiyar mata ce ke ba da umarni, ana kiran ta Madam Comfort. Abdulhafiz bai ga Mama Felicia ba, amma ya ce a ransa tana ciki tana shiri. Ya rusuna ya sauke leda.

"Mama, saƙon Kwari ya iso."

"Na wa?"

"Na uwar taro da 'yan uwanta."

Ashe Madam Comfort tana da suruki mai harka a Kwari, wanda ya yi mata alkawarin zai ba ta mamaki a ranar. Ta buɗe leda, gwal ya haska mata fuska, ta ƙwala ihun murna. Kan ka ce me, mata sun yanyame ledar, mai ɗaurin gwaggwaro ta kafa kujera tana naɗawa tana soka fil. Aka ja Abdulhafiz aka zaunar a inuwa, aka dire masa dafa-duka da cinyar kaza da lemo mai sanyi. Ya gyara zama. Haka dai ake yi a wasa, ka cika aiki a ba ka lada. Har yana tsara yadda zai yi wa Chidiebere kukan tunkiya in sun haɗu.

Yana tsakiyar cinyar kaza sai kiɗa ya canza. Aka fito da wani tsoho mai furfura cikin kwat, yana dogara sanda yana taka rawa a hankali, matan nan masu gwaggwaron gwal sun kewaye shi. Abdulhafiz ya dubi mutumin da ke kusa da shi.

"Ikon Allah! Wannan ne angon?"

"Wane ango?" in ji mutumin. "Baba Ambrose ne, mijin Madam. Shekara saba'in ya cika yau."

Abdulhafiz ya ajiye cinyar kazar. Ya ciro waya, ya ga kira a jere ba iyaka, na Chidiebere, na kawunsa, har da na Mama Felicia kanta. Ya buɗe lokeshan ɗin da ya raina. Shuɗin layin ya fito ɗan gajere abin tausayi, gidan da yake nema a layin baya yake.

Abin da ya biyo baya, har yau ana ba da labarinsa a layin. Saurayi ya shiga tsakiyar fili yana bin mata masu rawa ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana roƙon su cire ɗaurin kansu. Wata ta ɗauka liƙi zai yi mata, ta ƙara juyi. Wata ta kai masa duka da mafici. Da Madam Comfort ta fahimci zancen, ta sa aka kashe kiɗa.

"Kai wane irin ɗan aike ne?" ta ce. "Baki gare ka ko ba ka da shi? Sunan mai kayan ma ba ka iya faɗa ba?"

Duk da haushin da ta ji, mace ce mai gaskiya. Da jin cewa na uwar amarya ne, ita ta fara warware nata. Sauran suka bi, kowace tana tsaki. Aka tara masa gwaggwaro a yamutse, da hudar fil, da gumi, da ƙamshin man gashin mutanen da ba su san Adaugo ba.

Ya rungumi leda ya fita a guje, idonsa a kan waya, yana bin shuɗin layi sau da ƙafa. Ba a taɓa ganin tunkiya mai biyayya irin tasa ba. Ya tarar da gidan a kulle. Ya ƙarasa coci, ya tarar an gama, mutane na fitowa ana watsa wa ango da amarya furanni.

A bakin ƙofa ya hango dangin amarya. Leshinsu iri ɗaya, amma kawunansu kowa da nasa: ja, shuɗi, mai ɗige-ɗige, duk abin da aka samu aro a maƙwabta. Mama Felicia da wani tsohon koren ɗankwali da ko kusa bai hau da leshinta ba. Daga baya ya ji cewa ta tsayar da kowa a waje tana cewa ɗanta Hafiz yana hanya, ba zai ba ta kunya ba, har sai da aka aiko cewa ba za a ƙara jira ba.

Ya durƙusa a gabanta ya ajiye ledar. Ya so ta zage shi, ko ta mare shi, da ya fi masa sauƙi. Ita kuwa ta dubi ledar, ta dubi maiƙon da ya ɗiga a gaban rigarsa.

"Ɗana, na ga dai kai ka samu ka ci abinci," ta ce a hankali. "Ni tun safe ko ruwa ban sha ba, ina kallon hanya."

Ta juya ta bi 'yarta. A nan Abdulhafiz ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, kuma ya cancance ta.

Alhaji Abdulgani da kansa ya taka har gida ya ba da haƙuri, ya kuma daina aiken ɗan ƙanwarsa ko da sayen ruwan leda ne. Chidiebere bai yi faɗa ba, bai kuma hana shi zuwa shago ba. Hoton bikin kawai ya sa aka wanke babba, wanda aka ɗauka a ƙofar coci kafin a shiga, ya rataye shi daidai saman talabijin ɗin da Abdulhafiz ya fi son zama. A hoton kowa yana dariya yana kallon mai ɗauka, ban da mace ɗaya mai koren ɗankwali, wadda ta juya kai tana duban titi. Ranar da Abdulhafiz ya dawo, ya ɗauki hannun gem, ya ɗaga kai ya ga hoton. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya ajiye hannun a hankali. Wannan wasan ba shi da madannin sake farawa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Yawon neman hanya da kanka abu ne mai daɗi, kuma ba laifi ba ne in lokacinka kake kashewa. Amma a cikin gem wani ne ya shirya maka alamu, ya kuma tsayar da agogo har ka iso. A gari babu wanda ya dasa kiɗa dominka, kuma wanda ke jiran ka mutum ne mai rai, ranarsa tana wucewa. In an ɗora maka amanar wani, ka ajiye girman kai, ka karɓi kwatance, ka buɗe baki ka yi tambaya. Kunyar tambaya a bakin titi take ƙarewa, amma wadda Abdulhafiz ya jawo wa Mama Felicia tana nan rataye a bango.