Fitsarin Aro

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Alƙahira. Ba zan kama suna ba, don wasunku sun sha shayi da shi. Aikinsa raka 'yan kasuwarmu zuwa kasuwar Ataba, ya yi musu tafinta, ya ɗaure kaya. Wata rana ya ɗaga dilar kaya, bayansa ya ce ƙas. Daga ranar ko ruku'u ya gagare shi.

Allah ya haɗa shi da wata likita, Dakta Nada. Ta ɗora shi a kan magani mai ƙarfi, irin wanda ba a bayarwa sai da takarda. Sharaɗinta shi ne ya sha yadda ta rubuta, kuma lokaci-lokaci za a gwada fitsarinsa. Ya rantse, ya sa hannu.

Sauƙi ya samu. To, ɗan Adam ke nan. Da ciwo ya lafa, sai ya lura 'yan dakon kasuwa suna neman ƙwayar nan ido rufe. Ya fara sayar musu da biyu-biyu, daga baya kwalin gaba ɗaya yake kai musu. In bayan ya motsa, sai ya busa wiwi tare da su. Yana ganin 'ya'yan mutane suna tangaɗi a bakin titi, ko a jikinsa.

Da ranar gwaji ta matso, sai ya shiga neman yadda zai ɓoye wiwin da yake busawa. A zatonsa gwajin na kama mashaya ne kawai. Sai ya lallaɓi maƙwabcinsa a unguwar Faisal, wani dattijo Basudane mai suna Mu'tasim, wanda ko sigari bai taɓa sawa a baki ba, ya shara masa ƙarya har ya karɓo fitsarinsa a 'yar kwalba. Shi ya juye a kwalbar gwaji a banɗakin asibiti.

Ranar sakamako ya shiga yana murmushi. Likita ta ce masa fitsarin fes yake. Ya ce alhamdulillahi.

"Ba abin godiya ba ne, ya Hajj," in ji ta. "Maganina nake nema a ciki, ban ga ko ɗigo ba. Ga kuma ciwon suga da ba ka taɓa yi ba. Ina kake kai maganin?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta ce khalas, shi ke nan, ta daina rubuta masa. Ta yi masa tayin gashin ƙashi da wani magani mai sauƙi, kunya ta hana shi komawa.

Ciwo kuwa ya dawo da ƙarfinsa. Ya koma roƙon waɗanda yake sayar wa, suka ba shi jabu. Baƙinsa 'yan kasuwa suka sauya tafinta. Yau yana kwance a hawa na biyar, yana jin kiran salla, matakala ta fi ƙarfinsa. Na je na gan shi, wallahi na yi hawaye. Kun san wa ke kai masa abinci? Mu'tasim.

Ya 'yan uwa, magani amana ne, lafiya ma amana ce. Wannan kwalbar asibiti ce ta tona shi. Ina ga ranar da fatarka da hannunka za su yi shaida? A ranar ba a tsaya ga abin da aka hana ka kaɗai, za a nemi abin da aka ce ka yi, a ga ko yana nan. Wa zai ara maka nasa?

Allah ya ba shi lafiya da tuba, mu kuma Allah ya kiyaye mu daga cin amana.