Matuƙin Jirgin da Ba Ya Jin Ƙarar Jirginsa

Akwai wani mutum, ɗan wani tsohon kafinta, wanda Allah ya buɗa masa hanya har ya zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu. Aikinsa shi ne ya kwashi ma'aikatan wani kamfani da safe, ya komo da su da yamma. Hanyarsa kuwa ba ta da nisa da unguwar da aka haife shi, inda mahaifinsa yake zaune.

Sai ya ce a ransa, "Bari in riƙa bi ta kan gidanmu, Baba ya gan ni, mutane kuma su san ɗan kafinta ya zama wani abu." Kullum sai ya karkato da jirgin, ya sauko ƙasa ƙasa. Kwanon rufi ya yi ta rawa, jarirai su farka da kuka, awaki su tsinke igiya. Malaman makaranta kan yi shiru da alli a hannu har sai ya wuce. Shi kuwa yana ciki, kunnuwansa a rufe da abin sauraro, ba ya jin kome.

Mutanen unguwa suka aiki dattawa biyu wurinsa. Ya saurare su a tsaye, ya ce, "Minti ɗaya ne fa. Hassada ce kawai take damun mutane."

Wata rana mahaifinsa ya kira shi a waya ya ce, "Ɗana, da za ka riƙa hawa sama kaɗan."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai gaishe ka nake yi." Da yake yana ganin rufin gidan kowace rana, sai ya rage zuwa da ƙafarsa.

Bayan shekara uku tsohon ya rasu. Mutumin ya zo, ya zauna a tabarma tare da masu makoki. Fasto yana cikin addu'a, sai ga abokin aikin mutumin ya biyo da jirgin ta hanyar da shi ya koya masa. Rumfa ta girgiza, muryar fasto ta ɓace, wata yarinya ta toshe kunne ta faɗa jikin uwarta. Ba wanda ya ɗaga kai. Sun saba.

Da ƙarar ta lafa, ya juya wurin wata tsohuwa maƙwabciyarsu ya ce, "Mama, haka yake kullum?"

Ta ce, "Sau biyu a rana, ɗana. In ka wuce, mahaifinka yakan ɗauki sandarsa ya bi gida gida yana cewa, 'Ku yi haƙuri, yarona ne.' Gidan da aka yi haihuwa yakan fara zuwa. Da ƙafa ta gaza, sai ya zauna a bakin ƙofa yana ba masu wucewa haƙuri."

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya yi kuka mai zafi. Ya sa aka sauya wa jirgin hanya tun daga washegari, unguwa ta huta. Amma wanda ya fi so ya roƙi gafararsa yana kabari.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Jirgin shi ne duk abin da muke taƙama da shi, ko matsayi, ko ilimi, ko kaifin baki. Mai yin ƙara shi ne na ƙarshen jin ta, gama girmankai yakan toshe kunne. Dattawan nan su ne mutanen da Ubangiji yake aiko mana da gargaɗi, mu kuwa mu kira su mahassada. Tsohon kuma shi ne mai ƙaunarmu da yake ɗaukar kunyar laifinmu a ɓoye, ko uwa, ko mata, ko miji.

In wani ya ce maka kana cutar da shi, kada ka ce kai ba ka ji kome ba. Ka sauko ka zauna inda yake zaune. Ka yi haka yau, tun mai ba da haƙuri dominka yana da rai.