Siminti a Rumbun Gero

A shekarun da aka karɓi mulkin kai, an yi wani malamin sito a Bagudo mai suna Bunyaminu. Aikinsa shi ne karɓar kayan ginin da gwamnati ta saya, siminti da kwano da katako, ya duba, ya sa hannu cewa sun cika. Ɗan manomi ne da ya yi elemantare, mai fara'a, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Aibinsa guda ne, amma ya ishe shi: gani yake duk garin ba wanda ya kai shi wayo, kuma ba ya iya ganin abu ya bi ta hannunsa bai nemi rabonsa a ciki ba. Ko goro ka ba shi saƙo, sai ya ɓantara ya ji ko mai ɗaci ne.

A shekarar aka yanke cewa za a gina ɗakin shan magani a garin, aka ba wani ɗan kwangila mai suna Ɗanaudu aikin kawo siminti. Ɗanaudu mutumin bakin iyaka ne, ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a Dahome, ƙasar da yau ake kira Benin. Ranar da kayan suka iso, ya ja Bunyaminu inuwar sito, ya rage murya.

"Malam, siminti wanga ya yi ma ɗaki guda yawa. Maginanmu da laka sunka saba, wa ya san awon siminti cikinsu? A ba su rabi, su cika da yashi. Sauran in ƙetara da shi Dahome, can kamar zinari shi ke. Kai dai ka sa hannu kaya sun cika."

"In anka gane fa?" in ji Bunyaminu.

"Wa za shi ganewa? Turawa na ɗaurin kaya, namu ko kujera ba su ɗumama ba tukuna."

Bunyaminu ya yi dariya, don maganar ta yi masa daɗi. Sai aka zo kan inda za a ajiye kayan kafin jiragen ruwan da za su bi kogi da shi zuwa Dahome su samu. Ɗanaudu ya buɗe hannu ya ce, "Ni baƙo na, masauki nike kwana. Kai ad da ruhewa babba bayan gida."

Ruhewa ita ce rumbun ƙasa da mutanen yankin ke ginawa, mai faɗin ciki, bakinsa a sama, a liƙe da laka a kifa masa jinka. Wadda Bunyaminu ya gada daga mahaifinsa tana cikin manyan garin, kuma a lokacin ba komai a cikinta, don kaka ba ta shigo ba. Nan take ya yarda, har yana yaba wa kansa. Tun yana ƙarami ya san abin da aka zuba a rumbu aka liƙe ba ya lalacewa, gero kan yi shekara da shekaru yana jiran tsada. A tunaninsa siminti ma haka yake. Bai tambayi kowa ba, don mai wayo irinsa ba ya tambaya.

Suka zaɓi ranar bikin samun 'yanci. Gari ya watse zuwa fili kallon sabuwar tuta da faretin 'yan makaranta, su kuwa 'yan dakon Ɗanaudu, mutanen ƙetare da ba sa jin komai sai Dandanci, suka yi ta jida ta bayan danga har rumbu ya cika. Aka liƙe, aka kifa jinka. Da matarsa Sakinatu ta tambaya, ya ce gero ne ya saya da araha hannun fatake.

Matsala ta farko ba ta daɗe ba. Kaka ta zo, aka ɗaure dammunan gonarsa, ba wurin zubawa. Ya cika ɗan rumbun karan da ke tsakar gida, sauran ya sayar a lokacin da hatsi ya fi arha, mutane suna cewa lallai Bunyaminu ya ƙoshi. Shi kuwa yana jiran Ɗanaudu. Amma ƙasashen biyu kowacce ta samu tutarta, kowacce kuma tana son nuna ita ma hukuma ce. Aka zuba 'yan kwastan a wannan gaɓar, jandarmomi, wato 'yan sandan Dahome, a waccan, jirgin da ya saba wucewa da sallama kawai yanzu sai an ɗaga kowace tabarma a cikinsa. Duk lokacin da Bunyaminu ya yi magana, amsar Ɗanaudu guda ce: "Hanya ta yi zahi, Malam. A dakata."

Aka yi ta dakatawa har rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka.

Sakinatu ce ta fara lura. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Malam, wane irin gero na wanga? Ko kaji ba su zuwa gindin ruhewar. Ɓera ma ban taɓa ji ba." Ya daka mata tsawa, ya ce ta kama abin da ya dame ta. Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ranar da ta tafi gidan suna, ya kafa tsani, ya ɗaga jinka, ya fasa liƙin kaɗan ya zura sanda. Sandar ta yi ƙara kamar ta bugi falalen dutse. Ya buɗe sosai ya leƙa. Raɓa da danshin damina sun ratsa, buhunan sun sha, sun manne da juna sun zama dutse guda, hatimin gwamnati ɓaro-ɓaro a jikin takardar da ke sama. Ya sauko ya ɗauko gatari ya koma ya sara sau ɗaya. Ƙarar ta tashi har maƙwabcinsa ya ɗaga murya ta bayan danga, "Lahiya, Malam? Mi ya hwaɗi?" Ya ce lafiya lau. Ya kwaɓa laka ya sake liƙewa.

Ana wata ga wata. Ɗakin shan maganin da aka gama da rani bai jure ruwan farko ba. Shafen ya zube, bango ya tsage har ana hango waje daga ciki. Aka turo injiniya daga lardi, ya murza bangon da yatsa ya ga yashi na zuba, ya ce a kawo masa wanda ya kawo kaya da wanda ya karɓa. Ɗanaudu tun da ya ji ƙishin-ƙishin ya ƙetare ruwa, ba a sake ganin ko hularsa ba. Bunyaminu ya tsaya gaban masu bincike ya rantse cewa siminti ya zo cif, ya kuma fita cif. Suka bincike sito ba su ga komai ba. Aka dakatar da shi daga aiki, aka tsayar da albashinsa, aka ce kada ya bar gari sai an gama.

Daga nan rayuwarsa ta koma gadin rumbu. Ba hujja a kansa muddin rumbun yana rufe, ranar da aka buɗe kuwa sai gidan yari. Ba ya iya fitar da abin, don sai an tara ƙarti da guduma. Ba ya iya gudu ya bar shi. Ba ya iya faɗa wa kowa, ko matar da suke ɗaki ɗaya. Ya daina zaman dandali, ya rame, in ya ji an yi sallama sai ya ɗauka an zo kama shi ne. Da rana sai ka same shi a kan tabarma a inuwar rumbun nan, kamar mai jinya.

Daminar kuma ta zo da gardama. Ruwa ya yi jinkiri, da ya zo ya yi yawa, kogi ya cinye gonakin fadama. Kafin sabon hatsi ya nuna, na gidaje ya ƙare, mata suka shiga tafasa da rama ba gari. A irin wannan lokaci al'adar wurin sananniya ce: mai rumbu a rufe ya buɗe, ya auna wa dangi da maƙwabta, in kaka ta yi a mayar masa. Duk idon unguwa ya koma kan ruhewar Bunyaminu, wadda kowa ya ji an cika ta da gero bara, ba a kuma taɓa ta ba. Aka fara aiko masa da gaisuwa, sannan aka fara zuwa da ƙwarya. Kowa ya zo sai ya ce lokaci bai yi ba. Sakinatu ta daina zuwa rijiya sai rana tsaka, saboda habaicin mata ya ishe ta.

Sai ga yayarsa 'Yar Baba ta taso daga Zagga da 'ya'yanta. Mijinta ya rasu, gonarta tana cikin waɗanda ruwa ya ci. Ita ta goyi Bunyaminu bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta zauna ta sha ruwa, ta dube shi.

"Ban zo roƙo ba, ƙanena. Ruhewar babanmu ta. Ka auna man abin da ɗiyan ga za su ci har kaka, in maido ma."

Bunyaminu ya sunkuyar da kai. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ƙaramin yaronta yana jingine da ita, wuyansa kamar zare. Gaskiya ta zo masa har baki, ya tuna gidan yari, ya haɗiye ta.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba a buɗe ta yanzu."

"Sai yaushe? Sai mun mutu a yi sadaka da shi?"

Ya sa aka ɗebo mata daga ɗan rumbun karan, wanda shi ma ya kusa kai ƙasa. Ba a daɗe ba ya ƙare, gidan gaba ɗaya aka koma kwana da yunwa, ga rumbu ƙato a tsaye a bayan ɗaki. Sakinatu ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ce ko asiri aka yi masa. 'Yar Baba ba ta sake yi masa magana ba. Ta yafa mayafi ta tafi wurin Baffa Malami, ƙanin mahaifinsu, wanda shi ne babba a dangi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Baffa Malami ya shigo gidan da sandarsa, dattawan unguwa na biye da shi, bayansu mata da ƙore. Bai zauna ba.

"Bunyaminu, da hannuna munka gina ruhewar ga ni da ubanka. Ba mu gina ta don ta yi ƙiba ɗiyanmu na ramewa ba. Ka buɗe, ko in sa a buɗe."

"Baffa, don Allah, ka ba ni kwana kaɗan."

"Yunwa ta ba su kwana kaɗan? Ku kawo tsani."

Bunyaminu ya tsaya jikin rumbun ya buɗe hannuwa, abin dariya abin tausayi. Aka janye shi gefe ba tare da wahala ba, don ba ƙarfi a jikinsa. Wani maƙwabci ya hau, ya ture jinka, ya fasa liƙi. Mata suka matso da ƙorensu, wata har ta fara guɗa. Mutumin ya zura hannu, ya tsaya. Ya sake zurawa. Sannan ya yago takarda ya miƙo ƙasa, da hatimin gwamnati a jiki, ya ce, "Baffa, babu hatsi. Dutse na."

Kowa ya san labarin bangon da ya tsage, ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Mata suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya da ƙorensu a kife. 'Yar Baba ta daɗe tana kallon ƙanenta, hawaye na zuba, sannan ta ce, "Kullum ina kai ƙararka wurin Allah, ina cewa rowa kaka yi man. Wallahi da rowar ta, Bunyaminu. Da yanzu ɗiyana sun ci tuwo."

Kafin la'asar 'yan doka sun zo. An tuhume shi da zamba da cin amanar dukiyar jama'a da rantsuwar ƙarya, alƙali ya ɗaure shi. Dangi suka yi karo-karo suka riƙe 'Yar Baba da Sakinatu har sabon gero ya shigo, amma ƙaramin yaron bai kai kaka ba, kuma lokacin da cuta ta kama shi babu ɗakin maganin da za a kai shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, dukiyar jama'a ba ta zama arziki a hannun wanda aka ba amanarta. Mai cin amana yana zaton shi ya mallaki abin da ya ɓoye, alhali abin ne ya mallake shi: ya hana shi barci, ya hana shi faɗin gaskiya, ya hana shi taimakon nasa ranar da suka fi buƙatarsa. Wanda ya zuga shi zai tsere ya bar shi, kuma cutar da ya yi wa jama'a ba za ta tsallake gidansa ba, don shi ma cikin jama'ar yake. Duk wanda aka damƙa wa kayan gwamnati, komai ƙanƙantarsu, ya kai su inda aka ce, ya tsaya kan halalinsa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.