Zalɓe Gwanin Langa da Gungume Mai Ido

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan makaranta!

Ta zo mu ji ta, in dai ba jarrabawa ba ce!

A makarantar Malam Dila babu wanda ya kai Zalɓe iya langa. In ya naɗe ƙafa ɗaya ya fara tsalle, duk wanda ya bangaza sai ƙasa. Amma aji? Sai dai a ba shi labari.

Wata rana Malam Dila ya ce, "Zalɓe, zo ka zauna, yau darasin kogi za mu yi."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ruwan da nake sha kullum za a koya mini?"

Ranar gasa da makarantar ƙetaren kogi, ana neman inda za a haye kogin, Zalɓe ya hango gungume a ruwa. Tsalle ɗaya ya dira a kai. Sai gungume ya buɗe ido. Ashe Kada ne! Ya cafke masa ƙafa, ya ce ta gefen baki, "Maraba da gwani."

Agwagwa, wadda ba ta fashin aji kuma ba ta fashin fili, ta ƙwala ihu, "Tsone masa ido! Haka Malam ya ce ranar da ka ƙi zama!"

Zalɓe ya kai sara, Kada ya sake shi, ya sha da ƙyar.

Shi ya sa har yau za ku gan shi bakin ruwa da ƙafa ɗaya, ya ƙura wa kogi ido. Ba langa yake yi ba, bitar darasin da ya wuce shi yake.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, shi ma rabonsa da aji tun bara.