Mutumin Da Ya San Ranar Kowa

An yi wani mutum mai aiki a gidan rediyo. Allah ya ba shi murya, ya kuma ba shi kan riƙe kwanan wata. Kullum ƙarfe bakwai na safe ana sa shirinsa na minti goma, inda yake faɗin abin da ya faru a tarihi a rana irin ta yau: wa aka haifa, wa ya rasu, wane yaƙi ya ƙare, wace gada aka buɗe. Har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Kalanda.

A kan teburinsa akwai wani akwatin katako cike da katuna, kowace ranar shekara da nata. Ba kai tsaye yake shirin ba. Ran Asabar yake shiga ɗakin ɗaukar murya, ya kashe waya, ya naɗi na mako guda, sai a riƙa sawa ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyarsa tana can ƙarshen gari tare da yayarsa mai ɗinki. Ba ta san karatu ba, ko ranar haihuwarta ba ta sani ba. Amma tana da 'yar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba, kuma bakwai ba ta taɓa wuce ta ba. Idan ɗanta ya yi sallama a cikin rediyo, sai ta amsa masa da ƙarfi.

Yayarsa takan ce, "Inna, tun ran Asabar fa ya yi sallamar nan. Akwati kike amsa wa."

Ita kuwa ta ce, "Ke dai taka kekenki. Sallama ba ta tsami."

Wata rana ya leƙo gidan. Ya zauna a bakin kujera, ido a kan agogo. Inna ta gyara zama ta ce, "Auta, yayarka ta ce ranar da babanku ya cika ta kusa, sha huɗu ga watan shida. Ka sa shi a cikin mutanen nan naka mana. Sunan kawai nake son ji."

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, shirin na manyan mutane ne, waɗanda suka yi wa duniya wani abu."

Ta ce, "To, shekara talatin yana ɗinke wa unguwa takalma. Shi wanda ya gina gadar da kake faɗa, ƙafa huntu ya je wurin aikin?"

Yayar ta tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce zai duba.

Ya 'yan uwa, wuri ne babu a katin? Akwai. Ya sha cusa ranar haihuwar masu faɗa a ji na garin a tsakanin sarakuna da masana, don a gayyace shi cin abinci. Gaskiyar ita ce, a wurin aiki ba wanda ya san ɗan mai gyaran takalma ne, kuma ba ya son a sani. Kunyar uban da ya ɗauki nauyin karatunsa da allura da zare yake ji.

Ranar ta zo. Inna ta kasa kunne tun daga sallama har bankwana, ba ta ji ba. Ta ce, "Wataƙila lokaci ne ya ƙure masa. Baɗi ma rana ce."

Shi kuwa, don kada a sake tambayarsa, sai ya rage zuwa. Daga ragewa ya daina. Laifi haka yake, idan ba a tuba daga shi ba sai ya haifi ƙanensa. Jikin Inna ya fara rauni. Yayarsa ta kira, ya ce yana ɗaukar shiri. Ta sake kira, ya ce mako mai zuwa. Mutumin da ya haddace ranakun shekara kaf ya rasa guda ɗaya da zai ba mahaifiyarsa.

Baɗi ta zo ta wuce babu sunan. Shekara ta sake zagayowa. Ran sha huɗu ga watan shida ta same shi a wani gari, inda aka shirya taron karrama shi. Tun da sassafe ya kashe waya don kada a dame shi.

A safiyar nan Inna ba ta iya tashi ba. Ta ce a ajiye mata rediyon kusa da kunne. Ya yi sallama, ta amsa, muryar da ƙyar take fita. Ya karanta waɗanda aka haifa. Ya karanta waɗanda suka rasu, daki-daki, har da shekarunsu. Da kiɗan rufewa ya tashi, ta juyo ta ce, "Kunnena ya yi nauyi. Ya faɗe shi?"

Yayar ta kasa yi mata ƙarya, ta kasa kuma faɗin gaskiya. Ta riƙe hannunta kawai. Inna ta gane. Ta ce, "Ba komai. Allah ya san sunansa. Muryar Auta dai garau take, lafiyarsa ƙalau."

Kafin hantsi ya dubi ludayi ta cika.

Sai bayan an gama tafi da hotuna ya kunna waya. Kafin ya iso an rufe ta.

Yayarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta kai shi ɗakin Inna, ta tura ƙofar, ta nuna masa bango. A bayan ƙofar an jera 'yan layuka da gawayi, sahu-sahu, na sama a miƙe, na ƙasa sun karkace, da alama a zaune aka ja su. Sun fi ɗari bakwai.

Ya ce, "Yaya, kwanakin da ban zo ba take ƙirgawa?"

Ta ce, "Ni ma haka na zata. Ta ce a'a, kwanakin da ta ji lafiyarka ne. Kullum ka yi sallama sai ta ja ɗaya, ta yi hamdala. Wai ita ma ta yi kalandarta."

Bayan mako biyu ya koma aiki. Ya shiga ɗakin ɗaukar murya, jar fitila ta kama, ya ce, "Assalamu alaikum." Sai ya tsaya. Ya samu kansa yana jiran a amsa. Katin yana hannunsa, murya ta ƙi fita. Aka sake ɗauka, haka. Ran Asabar ta gaba ma haka. Likita ya duba maƙogwaro ya ce lafiya lau yake.

Aka yi masa haƙuri wata guda, sannan aka ba wani shirin, har da akwatin katunan. Masu sauraro suka yi cigiyarsa kwana kaɗan suka saba da sabuwar murya. Masu gayyatarsa cin abinci suka daina kira. Cikin duk sunayen da ya cusa a tarihi, babu mai sunan da ya tako ya yi masa gaisuwa.

Kati ɗaya kawai ya roƙa aka bar masa, na sha huɗu ga watan shida. A ƙasan sarakuna da masana ya ƙara layi biyu da hannunsa, sunan babansa da na Inna. Ashe wurin ya isa, har da saura. Yanzu a ɗakin Inna yake zaune, ya hana a yi wa bangon fenti. Katin yana aljihunsa, amma wadda ta so ji ba ta nan.

Ya 'yan uwa, daƙiƙa nawa ake ɗauka a faɗi sunan mutum? Abin da aka roƙe shi ke nan, girman kai ya hana shi. Wanda ya ji kunyar asalinsa ya sare reshen da yake zaune a kai. Wanda ya ce wa iyayensa mako mai zuwa, wa ya ba shi tabbacin makon? Sau da yawa iyaye ba sa yi mana baki. Uzuri suke nema mana har numfashinsu na ƙarshe, kuma wannan uzurin ne zai fi yi mana nauyi idan sun tafi.

Kowace rana tana da manyanta a tarihi, amma babban mutumin ranarka yana iya zama tsohuwar da ke zaune tana jiran sallamarka. In tana raye, ka je yau, ka yi mata ita a bakin ƙofa, ka tsaya ka ji amsar.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suke raye. Shi ma wannan bawan, Allah ya karɓi tubansa. Daga nadamar da ke zuwa bayan an rufe ƙasa, Allah ya kiyaye mu.