Abin da Sharfaddeen Ya Gani a Ƙarƙashin Faifai

Akwai wani saurayi a Ajingi mai suna Sharfaddeen. A da, idan ka shiga kasuwar garin ka tambayi wanda ke ɗora buhun gyaɗa a mota ba tare da an kama masa ba, sunansa za a faɗa maka. Ƙato ne, ga fara'a, ga cika baki, kuma maganar gaskiya cika bakin nasa da hujja.

Wata ranar kasuwa yana saman mota yana ɗaure kaya, igiya ta tsinke, ya faɗo ta baya. An kai shi asibiti a Kano, aka yi iya abin da za a yi. Daga ƙarshe likita ya ja mahaifiyarsa, Inna Hure, gefe ya gaya mata cewa daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai ikon Allah.

Aka dawo da shi gida a kwance.

Da farko gidan cike yake da masu dubiya. A hankali ƙafa ta ɗauke. Sharfaddeen ya juya fuskarsa bango, ya daina magana, abinci kuwa sai an yi da gaske yake taɓawa. Inna Hure ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Jama'a, ba abin da ya kai wannan ciwo, ka ga naka yana ƙarewa a gabanka, ga ka da lafiyarka amma ba abin da za ka iya yi masa.

Ƙanwarsa Khaula tana aure a Gaya, malamar firamare ce. Lokacin da take karatu a Kano ta koyi wani wasa a wurin ƙawayenta. Da ƙwayar lido ake yin sa, amma ba lido ba ne. Mutum ɗaya ke tsara labari, ya ƙirƙiro gari da daji da abokan gaba. Sauran kuwa kowa ya zaɓi dodon da zai zama. Idan dodonka zai yi wani abu mai wuya sai ka jefa ƙwaya, mai labari ma ya jefa tasa a madadin abokan gaba. Wanda lambarsa ta fi, shi ya ci.

Wata Asabar Khaula ta hau adaidaita ta zo gida. Ta shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakin yayanta, ta zana daji da kogi a jikin kwali da gawayi. Sannan ta aika aka kira Kabo, ɗan kawunsu kuma abokin wasan Sharfaddeen.

Ta ɗaga murya yadda na ɗaki zai ji, ta ce, "Kabo, wane irin dodo za ka zama?"

Kabo ya ce, "Maciji! Wanda in ya kafa kai a kogi sai ya shanye shi tas."

Sai ga wata murya a shaƙe daga cikin ɗaki. "Kai da ko tsaka ka gani sai ka haye turmi, kai ne maciji?"

Inna Hure tana tankaɗe, hannunta ya tsaya cak. Rabon da ta ji ɗanta ya tsokani wani har ta manta.

Khaula ta ce, "To Yaya, kai wanne za ka zama?"

Can ya ce, "Wanda in ya taka ƙasa a nan sai an ji a Gaya."

Ranar Kabo ya ɗauko shi ya kwantar da shi a tabarma, aka tokare masa kai da matashi. Sharfaddeen ya raɗa wa dodonsa suna Tsagadutse.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa. Sharfaddeen ya koma cin abinci. Tun ranar Alhamis yake tambaya ko Khaula ta kira waya. Ita kuwa duk mako tana zuwa da sabon abokin gaba: yau rundunar mafarauta, gobe kura mai kai biyu, wata rana ƙaton kada mai baƙin baya.

Khaula takan jingina faifai a gabanta ta jefa ƙwayarta a bayansa, don kada masu wasa su ga sirrin labari. Wata rana Tsagadutse na kokawa da kadan nan, Sharfaddeen ya jefa biyu, ita kuma tata ta nuna shida. Ta ɗago kai ta kalli hannuwansa da suka rame, ta ga yadda ya zuba mata ido yana jira.

Ta ce, "Ɗaya na samu. Ka kayar da shi, Yaya."

Ni dai ban ga laifinta ba. Wallahi da ni ne a wurin, haka zan yi. Matsalar ita ce abin ya zama mata jiki. Macijin Kabo ya sha kashi sau ba adadi, har yana ƙorafin an tsane shi. Tsagadutse kuwa ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Khaula ta lura dariyar yayanta na raguwa, sai ta ɗauka ciwo ne, ta ƙara sauƙaƙa masa.

Ran nan bayan la'asar ana tsakiyar wasa, matashin ya zame, kan Sharfaddeen ya sauka a tabarma. Bai ce a gyara masa ba. Daga inda kuncinsa yake a ƙasa, yana hango abin da na zaune ba zai gani ba, wato ɗan sararin da ke ƙarƙashin gefen faifai.

Khaula ta jefa ƙwaya.

Ya ce, "Nawa kika samu?"

"Biyu, Yaya."

"Ɗaga faifan."

Ta yi murmushin yaƙe. "Haba Yaya, ai ba a ɗagawa."

"Khaula, ɗaga faifan nan."

Ta ɗaga. Ga shida ɓaro-ɓaro.

Ya daɗe yana kallon ƙwayar kafin ya ce, "Tun yaushe?"

Ta kife faifan a kan ƙwayar.

Ya ce, "Inna ta tausaya min, mutanen gari sun tausaya min, na ce ba komai, ƙafa ce ta ja. Amma a cikin wasan nan ƙafata lafiya lau take, Khaula. Nan ne kaɗai wurin da nake tsaye. A nan ɗin ma sai da kika riƙe ni?"

Ya juya ga Kabo. "Mayar da ni ɗaki."

Ya koma wa bangonsa. Asabar ta zo, Khaula ta durƙusa a ƙofa ta ba da haƙuri, ko tari bai yi ba. Wata Asabar ɗin ma haka. Kwanon abinci ya koma fitowa yadda ya shiga. Inna Hure ta ce mata, "Na san ba don cuta kika yi ba, 'yar nan." Amma wannan maganar ba ta sa ya ci ko loma ɗaya ba. Khaula takan hau adaidaita ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi ta kuka har Gaya. Abu ɗaya ne ya fito da yayanta daga ɗaki, kuma da hannunta ta lalata shi.

Ta yi ta tunani. Ko ta daina ƙarya a ƙwaya, wace rundunar za ta kawo da za ta tsaya wa dodon da ke girgiza ƙasa? Duk abin da ake dokewa, zai doke shi.

Wata safiya tana hanyar makaranta ta ga wani bijimi ya shiga lungu mai ƙunci. Ba faɗa yake ba, juyawa kawai yake son yi, amma sai da ya kwantar da dangar mutane. Khaula ta tsaya tana kallo har aka fitar da shi.

Da Asabar ta zagayo ta zauna a ƙofar ɗakin, ta ce, "Yaya, yau ba haƙuri na zo bayarwa ba. Kogi ya cika, yana shirin cinye wani ƙauye mai gidajen ƙasa, kuma mutanen na ciki. Tsagadutse kaɗai ke da tsawon da zai tsallakar da su. Amma duk takun da ya yi da ƙarfi, katanga ce za ta faɗo a kansu. Kuma tsoronsa suke ji, in sun gan shi cikin ruwa za su gudu. Ƙwayata da taka duk kai za ka jefa. A gaskiya ma ina ganin ba za ka iya ba."

Ta fara naɗe kwalinta. Sai ta ji ya ce, "Akwai tsofaffi a ƙauyen?"

"Akwai."

"Kira min Kabo."

Ranar aka yi wasan da ba a taɓa yin irinsa ba a gidan. Sharfaddeen ya sa dodonsa ya ja ciki don kada ƙasa ta motsa. Ya roƙi macijin Kabo ya kafa kai ya rage ruwan, shi da bai taɓa roƙon Kabo komai ba. Ya shimfiɗa hannun dodon ya zama gada, ya rufe masa ido don mutane su daina tsoro. Gumi ya jiƙa masa riga. Wasu suka tsallake, wasu gidajen suka rushe.

Saura wata tsohuwa a gidan ƙarshe, ruwa ya kai mata gwiwa. Dole sai dodon ya miƙa yatsa ya ɗauko ta a hankali.

Sharfaddeen ya jefa tasa, ɗaya. Ya jefa ta Khaula, biyar.

Inna Hure, wadda ta bar girki ta zo kallo, ta riƙa yi wa Khaula alama da ido. Khaula ta gani sarai. Amma ta ce, "Yatsanka ya taɓa katangar, Yaya. Ta faɗo. Ba ka cece ta ba."

Tana faɗa hawaye suka zubo mata. Kabo ya sunkuyar da kai. Kowa na jiran a ce a mayar da shi ɗaki.

Sai Sharfaddeen ya daki tabarma da ƙarfi. "Kabo, kai ka ja! Kai da ka ce za ka shanye kogi, ashe kurɓa biyu ce iyakarka?"

Kabo ya zabura. "Ni? Wa ya ce ka sa babban yatsa? Mutum ya ɗauko tsohuwa kamar buhun gyaɗa!"

Suka kaure da musu har maƙwabta na leƙowa. Da ƙura ta lafa, Sharfaddeen ya kalli ƙanwarsa, idonsa ya yi ja, ya ce, "Goge hawayenki. Tun da na faɗo daga motar nan, yau ne aka fara kayar da ni ba a ce min sannu ba."

Har yau Sharfaddeen bai taka ƙasa ba, kuma ba wanda ya san ko zai taka. Amma bai sake juya wa mutane baya ba.

Darasi: Tausayin da ke kwashe wa mutum duk wata wahala yana iya kwashe masa mutuncinsa ma. Idan kana da mara lafiya ko mai rauni a gida, ka taimaka masa a inda ya gaza, amma ka bar shi ya gwada a inda zai iya, ko da zai faɗi. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke jinyar nasa, Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.