Fitilar da Ta Kashe Murjanin Baba

Akwai wani mutum a birnin Kaohsiung na ƙasar Taiwan mai suna Pan Jin-de, yana da gidan abinci kusa da tashar jiragen ruwa. Da mahaifinsa ya rasu, ya bar masa tankin gilashi na ruwan teku a gidan abincin, da murjani mai rai a ciki, wato halittar teku da ke tsirowa reshe-reshe kamar shuka. Shekara goma sha takwas tsohon yana renon murjanin nan, tun yana kamar ɗan yatsa har ya kai faɗin faranti.

Jin-de kuwa akwai son a sani. Ana saura wata guda sabuwar shekara, ya ce tsohuwar fitilar tankin ta cika duhu, baƙi ba za su ga kyan murjanin ba. Ya sayo sabuwa mai haske kamar rana tsaka.

Yana cikin ɗaura ta sai ga Inna Siu-lan, maƙwabciyarsu, wadda ta daɗe tana kiwon murjani tare da mahaifinsa.

Ta ce, "Ɗan nan, kar ka sakar masa hasken gaba ɗaya. Murjanin babanka da haske kaɗan ya saba. Fara da kashi ɗaya cikin uku, ka riƙa ƙarawa duk mako."

Jin-de ya tuntsire da dariya a gaban ma'aikatansa. "Haba Inna, zamaninku ya wuce! Wannan da wayar hannu ake sarrafa ta. Je ki sha shayinki."

Ta juya ta koma gida. Shi kuwa ya ƙure hasken.

Cikin kwana goma murjanin ya fara koɗewa. Gogan naka ya ce ai haske ne bai ishe shi ba, ya ƙara masa awa uku a kullum. Kafin biki murjanin ya yi fari fat, ya mutu.

Ranar sabuwar shekara dangi suka taru. Yayarsa ta dubi tankin, ta dubi hoton mahaifinsu da ke rataye a samansa, ta ce, "Shekara goma sha takwas a hannun Baba, wata ɗaya a hannunka."

Kunya ta rufe Jin-de, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ko turaren da ya kunna a gaban hoton bisa al'adarsu ta girmama mamaci, kansa a sunkuye ya kunna shi.

Sai da ya kwana uku yana kai-komo kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar, riƙe da kwalin kek ɗin abarba.

"Inna, na kashe shi. Ki yafe mini."

"A'a, mai waya ne da kansa? Shigo."

Ta kai shi gaban nata tankin. Ga murjani nan kore shar, irin na mahaifinsa sak.

Ta ce, "Mu masu kiwo mukan ɓalli reshe mu ba juna ajiya. Wannan babanka ne ya kawo mini, shekara tara ke nan. Ya ce, 'Riƙe mini, Siu-lan, na san halin ɗana.'"

Jin-de ya kasa ɗaga kai, hawaye na ɗiga a kan kwalin kek. Ta ɓallo ɗan reshe, ta sa a kwalba da ruwa, ta miƙa masa.

Ta ce, "Haske kashi nawa?"

"Ɗaya cikin uku, Inna."

Darasi: Sabon kayan aiki ba ya maye gurbin sanin wanda ya daɗe a harka. Kada ka raina shawarar babba, domin wata rana abin da ka lalata a hannunsa za ka same shi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.